An cirewa zomanyata mahaifa jiya, har yanzu ta ki cin komai, dan Allah a taimaka

Yar_Malali

Assalamu alaikum yan uwa, barkanmu da sanyi. Dan Allah masu kiwon zomo ko duk wanda ya san kan abin ya taimaka min da shawara, hankalina a tashe yake wallahi.

Jiya da hantsi aka yiwa zomanyata tiyata aka cire mata mahaifa a wani asibitin dabbobi nan cikin gari. Watanta bakwai, fara ce sol mai jan ido, a daki nake ajiye ta, ba kiwon sayarwa nake ba, sha'awa ce kawai. Akwai namiji guda daya shima, kowa da kejinsa, shi an riga an dandake shi sati uku da suka wuce, burina in hada su wuri daya su zauna ba tare da sun cika min gida da yaya ba tunda ba fili gare mu ba. Ita kuma kwanakin nan ta koma mafadaciya, kana mika hannu cikin kejin zata kawo maka cizo, tana tsige gashin kirjinta tana hada sheka alhali ba ciki gare ta ba, likitan yace cirewar ce mafita.

To tun da muka dawo da ita wajen la'asar ta lafe a lungun keji ta dunkule, idon a lumshe, na bata karas din da take mutuwar so ko kallonsa bata yi ba, abincin buhu ma haka, ruwa ne kawai ta dan tsotsa da daddare. Kashi kuwa yan kanana na gani da basu fi a kirga da hannu daya ba, ita da kullum sai na share tuli. Kuma ina jin tana gurza hakora kurus kurus. Dazu na kama ta tana lasar wurin dinkin. An mata allurai a can amma ba'a hado ni da wani magani ba, na kira layin likitan baya shiga.

Shin haka suke yi ko akwai matsala? Makwabciyata tace in shafa mata shudin maganin nan na ciwo in kuma bata maganin kashe kwayoyin cuta, in yi? Sannan da me zan hana ta taba dinkin, kuma yaushe zan hada ta da namijin don sai zagaye kejinta yake. Nagode.

DanRigasa

Ikon Allah sai kallo, zomo ma yanzu har tiyata ake masa a Kaduna, kudin aikin nan ai ya isa ki sayi wasu zomayen ki kara da buhun dusa. Allah dai ya bata lafiya Hajiya. Ki je kemis ki sayi Ampiclox ki bude kafso daya ki juye mata a ruwan sha, mu haka muke yiwa kaji in sun ji ciwo kuma suna tashi garau. Abinci kuwa ki kyale ta, in yunwa ta ishe ta da kanta zata ci.

AbuSadiq_Mando

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa kafin komai, kar ki ba ta Ampiclox, ko ƙwaya ɗaya. Malam DanRigasa ka yi haƙuri, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma abin da kaza ke jurewa ba shi zomo ke jurewa ba. Ni ba likita ba ne, mataimaki ne a wani asibitin dabbobi, amma wannan kam ba sai likita ba. Zomo yana da wani babban buhu a ƙarshen hanjinsa cike da ƙwayoyin halitta masu amfani, su ne ke narka masa ciyawa. Ampiclox da Amoxil da duk dangin penicillin in aka ba shi ta baki, haka ma clindamycin da lincomycin da erythromycin, suna kashe masu amfanin nan su bar mugayen su yi ta yaɗuwa suna sakin guba, sai ki ga zawo ya ɓarke, cikin 'yan kwanaki a wayi gari ta mutu, kuma a ce ai tiyatar ce ta kashe ta. Akwai waɗanda zomo ke ɗauka lafiya kamar enrofloxacin, amma likita ne zai zaɓa bayan ya auna nauyinta, kuma sau da yawa in aikin ya yi tsafta ba a ma buƙatar su.

Abin da ya fi damuna a bayaninki ba ɗinkin ba ne, rashin cin nan ne da ƙarancin kashi. Cikin zomo kamar injin markaɗe yake, sai ana zuba masa yake juyawa, in ya tsaya kuwa tayar da shi aiki ne. Abinci ya tsaya a ciki, iska ta taru, ciwo ya ƙaru, ta ƙara ƙin ci, haka abin ke zagayawa har hanta ta shiga ciki. Shi ya sa maganar a ƙyale ta yunwa ta koro ta ba ta aiki a kan zomo. Ko kafin tiyata ma ba a hana zomo abinci yadda ake wa mutum ko kare, don shi ba ya amai. Ƙa'idar da muke bi ita ce, zomon da ya yi awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba to maganar gaggawa ce, ke kuma daga la'asar ɗin jiya zuwa yanzu kin wuce nan.

Me ya hana ta ci? Zafin ciwo. Gurza haƙoran da kike ji da dunƙulewar nan a lungu, haka zomo ke nuna yana shan wahala, shi ba kasafai yake kuka ba, ɓoye ciwo yake don a daji duk wanda ya nuna rauni shi ake fara cinyewa. An buɗe mata ciki fa aka cire mahaifa da ƙwai duka, ba ƙaramin aiki ba ne, ya fi dandaƙar namiji nesa ba kusa ba. Allurar kashe zafin da aka yi mata jiya yawanci kwana ɗaya take riƙewa, yanzu ta sake ta. Don haka kar ki tsaya jiran waya ta shiga, ki sa ta a kwali da tawul ki koma asibitin yau ɗin nan, ki ce a duba cikinta a kuma ba ki maganin zafi na kwanaki da za ki riƙa ba ta a gida, meloxicam ake yawan bayarwa, na ruwa. In sun ga ta bushe su yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, in da buƙata su ƙara da maganin motsa hanji. In ba ki same su ba ki nemi wani likitan dabbobin ko wane ne, in kuma abin ya yi tsanani asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar ABU a Zariya ba wani nisa ba ne daga Kaduna. Kar dai ki ɗauko diclofenac ko ibuprofen na mutane ki ce za ki ƙiyasta da ido, dabbar da ba ta wuce kilo biyu ko uku ba kuskure kaɗan ya isa ya taɓa mata ƙoda.

Kafin ki fita ki taɓa kunnuwanta da cikinta. In kunnen ya yi sanyi ƙalau to jikinta ya sauka, ki zuba ruwan ɗumi a gora ki naɗe da tsumma ki ajiye gefenta, amma ki bar mata wurin matsawa in ya yi mata yawa. Zafin jikin zomo mai lafiya tsakanin digiri 38.5 ne zuwa 40, ya fi namu, kuma bayan allurar barci saurin sauka yake, ga hunturun nan. In kuma kika ji cikin ya kumbura ya yi tauri tam, kar ki ɗura mata komai, asibiti kawai.

In cikin da laushi, ki jiƙa abincin buhun nata da ruwan ɗumi ya narke ya yi kamar kunu mai kauri, ki samu sirinji ki cire allurar, in bakin ya yi ƙanƙanta ki ɗan yanke shi. Ki naɗe ta da tawul tana zaune a kan ƙafafunta, kar ki kwantar da ita rigingine don zai iya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe ta. Ta gefen baki za ki zura, bayan dogayen haƙoran gaba akwai fili a wurin, ki matsa kamar mil ɗaya ki tsaya ta tauna ta haɗiye sannan ki ƙara. Mil 10 zuwa 15 duk bayan awa 3 ko 4 ya yi don farawa. Ruwa kuma ki zuba mata a kwano mara zurfi, in da kwalba mai bututu take sha ki ajiye kwalbar tukuna, miƙa wuya yana ja mata ɗinkin.

Karas ki manta da shi yanzu, zaƙi ne. Ganye mai ƙamshi ya fi jan hankalin zomo mara lafiya, na'ana'a, ɗoɗɗoya, ganyen karas ɗin kansa, latas, ki wanke ki ba ta da lemar a jiki, ki riƙa goga mata a baki har ta ji haushi ta kai masa cizo, da yawa daga nan suke farawa.

MamanHanif

Sannu yar uwa, Allah ya bata lafiya. Malam AbuSadiq ya gama magana akan ci, ni bari in taba wajen dinkin tunda nima anyi wa tawa.

Shudin maganin nan kar ki shafa, haka Dettol ko Izal ko man zafi ko zuma, duk abinda kika shafa lashewa zata yi ya tafi cikinta, kuma jin bakon abu a wurin shi ke kara sa su tona. Shudin ma in ya rine wurin bazaki gane ko yayi ja ko yana fitar da ruwa ba. Barinsa a bushe shine maganinsa. Safe da yamma ki duba, ba sai kin daga ta sama ba, ki rike ganye saman kanta kadan ta dago kirji sai ki leka, ko ki sa wani ya tallafe ta ke kuma ki haska da fitilar waya. Ki dauki hoto kullum, ni shi ya taimake ni don ido yana mantuwa amma in kika jera hoton jiya da na yau nan take zaki ga bambanci. Dan kumburi kadan da ja ja a kwana biyun farko ba komai bane. Amma in kika ga bakin ciwon ya bude, ko jini yana diga, ko mugunya ko wari, ko wani kullutu mai laushi ya taso karkashin fatar, to ki koma asibiti a ranar. Ki duba dasashinta ma, in yayi fari fat maimakon ja ja ana tsoron jini na zuba ta ciki.

Lasa kadan kadan dabi'arsu ce, cizge zaren ne matsala. Ki tambayi likitan wane irin dinki yayi, wasu ta ciki suke yi da zare mai narkewa ba abinda zata kama, wasu kuma a waje sai an koma cirewa bayan kwana 10 zuwa 14. Wannan mazurarin roba da ake sawa karnuka a wuya ni bana goyon bayansa ga zomo sai in ba yadda za'a yi, yana daga musu hankali su kara kin ci, kuma akwai wani kashi mai laushi kamar curin yayan inabi da suke yi yawanci cikin dare ko da asuba su cinye shi kai tsaye daga jikinsu, kar kiji kyama abincinsu ne, akwai sinadarai a ciki, to da abin nan a wuya bata iya kaiwa wurin. Ni singiletin jarirai na sa mata, wasu kuma safa babba suke yankewa su huda wurin hannaye, ya dai rufe cikin ba tare da ya matse ba, yatsunki biyu su iya shiga, bayan kuma a bude don fitsari da kashi. Kuma sau da yawa in maganin zafi ya kama su da kansu suke daina damuwa da wurin.

Shimfida, in garin katako kike zuba mata ki kwashe shi tas, mannewa yake a ciwo. Tsohon zani ko tawul fari yafi, kina canzawa kullum, farin zai nuna miki ko digon jini ne kuma ki iya ganin yawan kashin da tayi. Kar ki barta kan tayil ko siminti tsirara da sanyin nan, ki rufe gefen kejin da bargo da daddare saboda iska da kura amma ki bar kafa. Banda tsalle, banda hawa kujera ko gado na kwana goma, in kejin mai bene ne ki toshe saman. Wanka kuwa haram, dama can zomo ba'a masa wanka. Yara ma ki ja musu kunne, nawa sai da na kulle dakin na boye makulli.

Yar_Malali

Nagode sosai wallahi, Allah ya saka da alheri. Mun je mun dawo, sun ce cikin bai kumbura ba, an mata karin ruwa da allurar zafi an kuma bani na ruwa na kwana biyar. Dinkin ta ciki ne ashe. Na dura mata kunun sau biyu da kyar tana ture sirinjin da hannu, amma yanzu ta ja ganyen na'ana'a biyu da kanta, kashi ya dan fito kanana busassu wasu a hade da gashi. Sai dai fitsarinta naga yayi ja ja kamar ruwan lemo, shi kuma fa? Kuma busasshiyar ciyawar da likitan yace in cika mata a ina zan samu a garin nan, ni abincin buhu da karas da kabeji kawai na saba bata.

BabaMaiZomaye_Kawo

Yata, ciyawa ai bata wuya a Kaduna yanzu da kaka bata dade da wucewa ba. Ki je inda ake sayar da abincin tumaki da awaki, Zango a Tudun Wada ko nan kasuwar Kawo ranar Talata, kice harawa kike so ta gyada ko ta wake. Ki zabi mai kore kore mai kamshi, ki shinshina, wadda tayi baki ko take warin ruma ko kika ga fari fari a jikinta ki barta ko kyauta ce. Ki kakkabe kurar kafin ki zuba. Harawa tana da karfi, ga babban zomon da ba haihuwa yake ba tana sa kiba, don haka in ta warke ki rika hadawa da busasshiyar ciyawa ta gari wadda aka yanka aka shanya a inuwa, ita ce ma ya kamata tafi yawa. Amma yanzu da ake lallashinta ta ci, duk wadda ta karba ki bata. Kar dai ki yanko ta bakin titi ko gefen gonar da akayi feshi.

Wannan abincin da kika lissafa, buhu da karas da kabeji, shi ke sa zomon gida ya zama mai saurin ciwon ciki, hakorinsu baya daina tsiro, sai da tauna abu mai tauri yake gogewa, hanjin ma haka yake so. Kabeji ki dakata dashi sai ta mike, yana tara iska. Ganyen dankalin Hausa suna so in zaki samu wajen masu lambu a bakin kogi, amma sabon ganyen da bata saba ba kadan kadan ake farawa.

Abu biyu zan kara. Kuda. Yanzu da sauki saboda sanyi amma ba'a raina shi, in ya samu ciwo ko gindin da ya jike da fitsari yayi kwai, kwana daya ya isa tsutsa ta fito ta fara cin nama, ki yafa gidan sauro akan kejin ki huta. Na biyu daukar zomo ta kunne da muka taso muka ga ana yi, kar ki bari kowa ya mata, balle da dinki a ciki. Hannu daya karkashin kirji daya ya tallafi gindi ki manna ta a jikinki, in ta harba kafa a iska tana iya ballewa a baya ko ta yage aikin.

Shi kuma dana na Rigasa da yake ganin asarar kudi ce, ni kiwon sayarwa nake bana cirewa nawa, amma mu uwa bata dadewa a hannunmu. Wadda za'a ajiye a daki shekara takwas ko goma daban ce, tsofaffin mata da suka haura shekara hudu ciwon dajin mahaifa yana yawan kama su, na gani da idona a wadanda na yanka.

AbuSadiq_Mando

Madalla, kashin nan da ya fito shi muke jira, ƙanana da busassu haka suke farawa, cikin kwana biyu zuwa uku ya kamata su koma girmansu. Kar ki daina ɗurawar don ta ci ganye biyu, ki riƙa ragewa gwargwadon yadda take ƙara ci da kanta, maganin zafin kuma ki ƙarasa kwanakin da aka ce ko da kin ga ta ware. Da abinci a cikinta ake ba ta shi.

Fitsarin zomo dama yana canza kala daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo har ja ja, ya danganta da abin da ta ci da yawan ruwan da ta sha, kuma nata ya yi kauri yanzu tunda ba ta sha sosai ba. In kalar ɗaya ce gaba ɗaya ba abin tsoro ba ne. Jini daban yake, za ki ga ɗigo ko zare zare ja a tsakiyar fitsarin ko guda guda a kan farin zanin, ko ki ga tana yunƙuri fitsarin ba ya fita. In kin ga haka ki ɗauki hoto ki kai musu.

Namijin kuma ki bar kejinsa kusa da nata suna ganin juna suna jin ƙamshin juna, amma da ɗan tazara yadda ba za su ciji juna ta tsakanin waya ba. Ciki kam ba za ta ƙara ɗauka ba, amma shi sati uku bai isa sha'awar ta bar jikinsa ba, zai hau ta, ita kuma da ciwo za ta rama da faɗa, zomaye kuma in suka yi mummunan faɗa sau ɗaya suna riƙe abin a rai, haɗa su daga baya sai ya zama wahala. Ki ba su wata guda zuwa sati shida, ita ma faɗan nata a hankali zai sauka ba rana ɗaya ba. Ranar haɗawar kar ki sa shi a kejinta ko ita a nasa, ki kai su wurin da babu wanda ya saba da shi, ko banɗaki ne in a bushe yake ki shimfiɗa tabarma, minti goma kina tsaye da tawul a hannu don rabawa, gobe ki ƙara lokaci. Kafin nan kina iya musanya musu shimfiɗa duk bayan kwana biyu, amma ki fara bayan ɗinkin ya rufe.